Ƙanƙara Ba Ta San Gwanin Direba Ba

Shekarun baya wani ɗan gajeren bidiyo ya zagaya duniya. Yaro ne ɗan shekara 8 zaune bayan sitiyarin wata tsohuwar Toyota Starlet, yana wulwula ta a kan dusar ƙanƙara, motar tana shiga kwana a karkace, bayanta na watsa farar ƙura, shi kuwa ko a jikinsa. Sunan yaron Kalle Rovanperä, ɗan ƙasar Finlan. A watan Oktoban 2022, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 22, ya zama zakaran duniya a tseren motoci na rali, kuma ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ɗauki wannan kambi ba. Gado ya yi. Mahaifinsa Harri ɗan tsere ne, kuma ƙasar tasu, wadda jama'arta ba su kai miliyan 6 ba, ita ta haifi Juha Kankkunen da Tommi Mäkinen, kowannensu zakaran duniya sau 4. Kankkunen ɗin ne a 2011 ya hau kan tekun Baltik da ya daskare, ya zura motar Bentley har kilomita 330 a awa.

Duk wanda ya kalli irin wannan, abin da zai fara zuwa ransa shi ne gwaninta ce maganin santsi. A koya wa direba yadda zai tarbo mota idan ta ƙwace, shi ke nan an gama. Har kasuwa aka kafa a kan wannan tunani: kowane hunturu masu hali daga Jamus da Ingila da sauran wurare suna hawa jirgi zuwa arewacin Suwidin da Finlan, su biya kuɗi masu kauri su yini suna juyi da mota a kan tafkunan da suka daskare. Wasa ne mai daɗi, kuma ba wanda ya hana su. Sai dai ƙasashen da suka fi kowa sanin ƙanƙara sun riga sun gwada wannan dabara a kan matasansu, da ƙarfin doka, kuma abin da ya fito bai yi musu daɗi ba. Abin da suka koya daga baya ya fi bidiyon Rovanperä amfani ga duk mai riƙe sitiyari.

Da farko ya kamata a san abokin karawar, tunda a ƙasar Hausa ba a tuƙi a kansa. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, duk abin da ya haɗa ta da ƙasa wurare huɗu ne, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Totur da birki da sitiyari duk ta nan umarninsu ke bi ya isa hanya. Injiniyoyi suna auna ƙarfin riƙon taya da lamba: busasshiyar kwalta wajen 0.8, jiƙaƙƙiya wajen 0.5, dusar ƙanƙarar da motoci suka danne tsakanin 0.2 da 0.3, ƙanƙara zalla kuwa 0.1, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ga fassarar lambobin a kan titi. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa, gudun cikin gari ke nan, idan aka danne birki a busasshiyar kwalta za ta tsaya cikin mita 12 zuwa 13. A kan ƙanƙara sai ta ci kusan mita 100, tsawon motoci ashirin a jere, tana tafiya direban yana kallo. A kilomita 80, abin da mita 30 ke isa sai ya koma mita 250. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ma gargaɗin da yake yi ke nan, cewa tazarar tsayawa a kan ƙanƙara tana iya ninkawa sau goma. Kuma duk wannan lissafi bai haɗa da sakan ɗayan da ƙafa ke ɗauka kafin ta bar totur ta sami birki ba.

Ɗan riƙon da ya rage kuma rabawa ake yi. Idan birki ya cinye shi duka, sitiyari ba ya samun komai. Shi ya sa mutum zai murɗe sitiyari har ƙarshe, motar ta ci gaba da miƙewa abinta.

Mafi sharrin ƙanƙara ba farar nan ba ce da ido ke gani daga nesa. Wata ce siririya, garau, wadda ke shimfiɗuwa a kan kwalta, titin ya yi kama da wanda aka ɗan yayyafa wa ruwa, ko ma busasshe. Tana kwanciya da asuba, a inuwar itatuwa, a kusa da kogi, kuma gada ce ke fara kamawa, domin iska mai sanyi tana bugun ta ta sama da ta ƙasa alhali sauran titin yana samun ɗumin ƙasa. Wani abin da ke ruɗar baƙo shi ne ranar da sanyi ya fi tsanani ba ita ce ta fi santsi ba. Ƙanƙara ta fi zamewa idan ma'aunin zafi yana kusa da sifili, lokacin da ɗan ruwa ya kwanta a samanta. Wannan ne dalilin da ya sa motoci da yawa ke yin ƙara su kunna 'yar alama a gaban direba da zarar zafin waje ya sauko digiri 3 ko 4.

To, a 1979 ƙasar Norwe ta raba koyon tuƙi gida biyu, ta tilasta wa sabbin direbobi komawa filin santsi bayan sun karɓi lasisi, a koya musu birkin gaggawa da kaucewa da tarbo mota. A takarda babu mai ja da wannan shawara. A 1988 wani mai bincike, Alf Glad, na cibiyar nazarin sufuri da ke Oslo, ya bi sawun sakamakon. Darasin tuƙin dare, wanda aka shigo da shi lokaci guda, ya taimaka. Darasin santsi kuwa, a wajen samari maza, haɗari ƙaruwa ya yi bayansa. Finlan ta shigar da irin wannan horo a wajen 1990, ita ma ta ga abin da ya yi kama da haka a tsakanin matasa, ko da yake manyan da suka koyi tuƙi da shekaru sun amfana. A 1996 masana halayyar ɗan Adam na Jami'ar Turku, Katila da Keskinen da Hatakka, suka yi bayanin inda gizo ke saƙar: malamai suna ganin sun koyar da hangen haɗari, ɗalibai kuwa suna fita da ƙarin yarda da kansu.

A 1996 ɗin dai Nils Petter Gregersen na cibiyar binciken hanyoyi ta Suwidin ya buga wani gwaji da ya fi kowanne fito da maganar fili. Ya raba masu koyon tuƙi kashi biyu. Kashi ɗaya aka horar da su su ƙware wajen birki da kaucewa a kan santsi. Ɗaya kashin aka shirya musu darasin ta yadda za su gane da kansu cewa iyawarsu tana da iyaka, kuma haɗari ba ya sallama. Bayan wani lokaci aka dawo da su duka, aka tambayi kowa yadda yake ganin zai yi, sannan aka gwada shi. A aikace babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. A baki kuwa, waɗanda aka horar su zama gwanaye sun kai kansu inda ba su kai ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A filin horo ɗalibi ya san daidai inda motar za ta zame, ya san yaushe, babu tirela mai tahowa, babu rami a gefe, kuma idan ya kuskure cewa za a yi ya zagayo ya sake. Sa'o'i kaɗan na irin wannan ba sa zaunar da ƙwarewa a hannu da ƙafa. Bayan 'yan watanni ta zube. Abin da ba ya zubewa shi ne tunanin "ai na iya". Saurayin da a da yake rage gudu saboda tsoro, yanzu sai ya ƙara kilomita goma, yana dogaro da abin da babu shi. Rovanperä tun yana yaro yake wannan aiki, shekara da shekaru, a rufaffiyar hanya, cikin mota mai kejin ƙarfe, da hular kwano a kansa. Wanda ya yi yini guda a fili sannan ya hau babban titi da iyalinsa a baya, lamarinsa daban ne.

Abin yabo ga ƙasashen nan shi ne ba su rufe filayen ba, kuma ba su yi jayayya da alƙaluma ba. Manufar darasin suka juya. A Suwidin har yau ba a ba mutum lasisin ƙaramar mota sai ya yi horon sanin haɗari kashi biyu: na farko a aji, kan giya da ƙwaya da gajiya, na biyu a filin santsi. Filin wani shimfiɗaɗɗen wuri ne da aka shafe da abu mai sulɓi ana fesa masa ruwa, don a yi aiki da shi rani da hunturu. Ɗalibi yana cikin mota, malami yana gefe da rediyon hannu. Sau da yawa akan fara da tambayar ɗalibin inda yake jin motar za ta tsaya idan ya taka birki a wuri kaza. Ya nuna. Ya zo da kilomita 50, ya danne birki, motar ta wuce wurin da ya nuna tana tafiya salin alin, ta tsaya can gaba. Sai a kafa wani shinge na soso a inda ta tsaya, a ce ya sake zuwa, amma ya ƙara gudu kaɗan. Lissafin ba ya tausayi: inda mai kilomita 50 ta tsaya cik, mai kilomita 60 tana isowa da sauran gudun kilomita 33, mai kilomita 70 kuma da kusan 50, kamar ba a taɓa birki ba. Soson ya tashi sama, ɗalibin ya fito ya tsaya yana kallon tazarar da ƙafarsa. Ba a son ya koma gida yana jin ya ci nasara. Norwe da Finlan su ma wannan hanya suka bi, ko da yake tun 2018 Finlan ta yarda a yi wani ɓangare na horon a na'urar kwaikwayon tuƙi, sassaucin da ke da wuyar karewa, domin allo ba ya sa gaban mutum ya faɗi yadda mota mai zamewa ke sa shi.

Wani zai ce to ashe koyon sarrafa mota aikin banza ne. Ba haka ba ne, kuma wuce gona da iri ta wannan ɓangaren ma kuskure ne. Akwai abubuwan da dole jiki ya ɗanɗana sau ɗaya a wuri mai aminci. Babbansu birkin ABS. Idan ya kama aiki, abin takawar yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, ana jin gurnani daga gaba, kuma wanda bai taɓa ji ba yakan firgita ya ɗaga ƙafa yana zaton wani abu ya karye, a daidai lokacin da ya kamata ya ƙara dannawa. Tsohuwar dabarar taka-saki ta motocin da ba su da ABS ce. A motar zamani dannewa ake yi a riƙe, a ci gaba da juya sitiyari. Kuma ABS ba ya ƙirƙiro riƙon da babu: aikinsa ya hana taya kullewa don a iya kaucewa, a kan sakakkiyar dusar ƙanƙara ko tsakuwa ma yana iya ƙara tazarar tsayawa.

Zamewa iri biyu ce. Akwai wadda gaban mota ke ƙin bin kwana, ta miƙe waje. A nan hannu yana so ya ƙara murɗa sitiyari, alhali abin yi shi ne a saki totur, a ɗan warware sitiyarin har tayoyin gaba su sake kamawa. Akwai kuma wadda baya ke ɓallewa yana neman ya riga gaba. Nan ana juya sitiyari zuwa inda ake son zuwa, da sauri amma ba da fizga ba, a kuma shirya mayar da shi da zarar bayan ya dawo, in ba haka ba ya watsa ta ɗaya gefen fiye da na farko. A mota mai giyar hannu akan danne kuloci don a raba tayoyi da jan inji. Malaman tuƙi na can suna yawan nanata maganar ido: hannu yana bin inda ido ya kafe, wanda ya zuba wa turken fitila ido, turken zai samu. Duk wannan yana da kyau a sani. Sai dai yana aiki ne idan gudun ya bar wa mutum fili da lokaci, kuma tun kafin kwanar ake yanke wannan hukunci.

Gaskiyar da ke da ɗaci ga masu alfahari da hannunsu ita ce, aikin tarbo mota yanzu na'ura ta fi mutum iyawa. Tun shekarun 1970 kamfanonin motoci da na kayan gyara ke tururuwa zuwa Arjeplog, wani ƙaramin gari a arewacin Suwidin, suna gwaji a kan tafkunansa. A 1978 Mercedes da Bosch suka fito da ABS a kasuwa, a 1995 kuma suka kawo na'urar daidaita mota, ESP ko ESC, wadda ke jin mota ta fara kaucewa daga inda sitiyari ya nufa, ta taka wa taya ɗaya tak birki cikin ƙiftawar ido, abin da babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya. Abin da ya yaɗa ta ma kunya ce ta kamfani: a 1997 'yan jaridar mujallar Teknikens Värld ta Suwidin suka kifar da sabuwar Mercedes A-Class a gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo titi, dole kamfanin ya dakatar da sayarwa ya sa na'urar a kowace ɗaya. Binciken cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ya nuna tana rage haɗarin kisa na mota ɗaya da kusan rabi. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Tarayyar Turai daga Nuwamban 2014. Babu darasin yini guda da ya taɓa kusantar wannan sakamako.

Sai taya, wadda ta fi komai. Robar tayar bazara tana fara tauri idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tayar hunturu robarta laushi gare ta, jikinta cike da ƙananan tsage masu cizon ƙanƙara, wasu ma har da 'yan ƙusoshin ƙarfe. Kamfanin Nokian na Finlan ne ya fara yin ta a 1934, don manyan motoci. A Suwidin doka ce a sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan hanya ta yi halin hunturu, a Finlan daga Nuwamba zuwa Maris, kuma zurfin zanenta kada ya gaza milimita 3. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta ta tun 2008. Finlan tana ƙarawa da rage iyakar gudu duk hunturu: manyan tagwayen hanyoyi daga 120 zuwa 100, yawancin sauran daga 100 zuwa 80. Wato hukuma ba ta zauna tana jiran kowane direba ya zama Kankkunen ba. Ta ɗauka mutane za su yi kuskure, ta rage abin da kuskuren zai ci. Wannan ne ruhin manufar da majalisar Suwidin ta amince da ita a 1997, ta cewa bai halatta a mutu ko a nakasa a kan hanya ba.

Duk da haka ƙanƙara ba ta bar su ba. Cikin daren 19 ga Maris 2004, a Konginkangas da ke tsakiyar Finlan, wata tirela maƙare da manyan naɗin takarda ta shiga lanƙwasa a titin da ya daskare ba zato. Bayanta ya fara lilo, ya tsallaka hannun da ba nasa ba, ya yi taho-mu-gama da wata bas da ta ɗauko matasa zuwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a wani wuri da ake kira Ruka. Naɗin takardar suka fasa suka shiga cikin bas ɗin. Mutum 23 suka rasu, haɗarin mota mafi muni a tarihin ƙasar. Direbobin sana'a ne, 'yan ƙasar da aka haifa cikin hunturu, kuma cikin abubuwan da bincike ya lissafa har da gudun da ya fi ƙarfin yanayin hanyar. A can Fort Worth ta jihar Texas, inda mutane ba su saba da ƙanƙara ba, da asubar 11 ga Fabrairun 2021 motoci kimanin 130 suka hau kan juna a wani ɓangaren titi da ke bisa gada, mutum 6 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta raba laifin biyu: masu kula da titin ba su sa ido yadda ya kamata ba, direbobi kuma suna gudun da bai dace da ranar ba. Ƙasar gwanaye da ƙasar baƙi, ƙarshen rahoton ɗaya ne.

Maganar ta shafi gidaje da dama a Kano da Kaduna da Zariya fiye da yadda ake zato. Shekarun nan 'yan Najeriya da yawa sun tafi Kanada karatu ko neman na kai, kuma tuƙi na cikin sana'o'in da ke fara zuwa hannu: tasi ta manhaja, kai saƙo, jan tirela. A lardin Ontariyo babu dokar shiga filin santsi kafin lasisi. Mutum zai iya cin jarrabawa a Yuli, rana tana haske, ya fara haɗuwa da ƙanƙara a Disamba, a babban titi, cikin duhu, da fasinja a baya. Shekara goma sha biyar ɗin da ya yi yana bin hanyar Abuja ba za ta cece shi ba. Tana iya ma cutar da shi, domin ta koya masa manne wa motar gaba da birkin ƙarshen lokaci. Tazarar sakan 3 da ake bari a busasshen titi sai an ninka ta biyu ko uku. Na'urar riƙe gudu a kashe ta. Jif mai ja da ƙafa huɗu tana tashi da sauƙi a kan santsi, wannan ne ma ke ruɗar mai ita, amma wajen tsayawa ita da ƙaramar mota duk birkin ƙafa huɗu gare su, ga ta kuma da ƙarin nauyi. Kuɗin da za a ƙara a sayi jif gara a sa shi a tayoyin hunturu guda huɗu.

Akwai kuma ƙananan halaye na gida da ke zama masifa a can. Zuba ruwan famfo a lagireto, yadda kowane bakanike ya saba, yana iya fasa inji, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Watsa ruwan zafi a gilashin da ya kama ƙanƙara yana tsaga shi. Kankarewa ake yi, a kuma share rufin motar kada tulin da ke kai ya zubo wa na baya. Mafi haɗari shi ne wanda ya maƙale a hanya ya bar inji a kunne don ɗumi, alhali dusar ƙanƙara ta toshe salansa. Iskar da ke shigowa ita ce dai ta hayaƙin janareto da ke hallaka iyali guda cikin barci a ɗakin da aka rufe, ba ta da wari ba ta da launi. A guguwar da ta rufe birnin Buffalo na jihar New York a Disamban 2022 mutum fiye da 40 suka rasu, wasunsu a cikin motocinsu aka same su.

A gida ma hunturun Turai yana da wakili, yana nan jibge a rumfunan masu taya. Hukumar Kwastam ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi, amma kowa ya san tayar Baljiyam ba ta yanke ba, kuma a cikinta akwai tayoyin hunturu da aka yar a can. Suna ɗaukar ido saboda zanensu ya fi zurfi da yawa. A kan kwaltar Maiduguri a watan Afrilu, robar da aka yi don sanyi takan yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, ta kuma ƙara tazarar birki. Gane ta ba wuya: a gefen tayar akwai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. A nan gefen kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Minti ɗaya ya isa a duba, kuma mai saye yana da haƙƙin ya tsuguna ya duba kafin ya biya.

Santsi kuwa ba sai da ƙanƙara ba. Ruwan farko bayan watannin rani yana tashin mai da ƙura da garin roba da suka taru a kan kwalta, ya mayar da titin wani abu daban na ɗan lokaci. Hanyar jar ƙasa a watan Agusta tana da nata. Abin da ya fi kama da matsalar Norwe ta 1979 shi ne yadda tasha ke girmama direba. Gwani shi ne mai cin tazara, mai wuce tirela a kwana, wanda mota ta ƙwace masa ya tarbo ta, aka yi mako ana ba da labari. Fasinja ya ce, "Direba, don Allah a ɗan sassauta," amsar a shirye take: "Haba Alhaji, shekarata ashirin a hanyar nan." Da gaske yake, shekarun nan ya yi su. Amma tafin taya huɗun da ke ƙarƙashinsa ba su ƙaru da komai ba a cikinsu, kuma idan abin ya faru sai a ce tsautsayi, a rufe maganar ba tare da an tambayi gudun da yake yi ba.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da tsarin tantance makarantun koyon tuƙi, kuma a nan ne ya kamata darasin Suwidin ya shigo. Ba ya buƙatar tafki mai daskarewa ko kuɗin waje. Fili ne mai kwalta da aka killace, da tankar ruwa ɗaya, da igiyar awo, da tsohuwar katifar soso. A sa mai koyo ya nuna inda yake jin zai tsaya, ya taka birki a 50 a busasshe, ya sake a jiƙe, ya ƙara a 70, sannan ya sauko ya auna da ƙafarsa. Kada a koya masa juyi ko wasa da birkin hannu, kada kuma a ba shi takardar da ke cewa ya ƙware. Kowace hedikwatar jiha za ta iya shirya wannan, kuma waɗanda ya kamata a fara kira su ne direbobin haya na dogon zango, tare da shugabannin ƙungiyarsu, a watan Maris ko Afrilu, kafin damina ta sauka.